An Yaye Ni a Shekarar Leda

Jikana Sadiku ya shigo mini da abokansa biyu, kowanne da waya a hannu, wai sun ji gwamnati tana shirin hana leda, su kuma za su riga kowa buɗe sana'ar jakar takarda. Na tambaye su wa zai koya musu. Ɗayan, mai dogon wuya, ya ce, "Baba, ai ba wani abu ba ne. Ninke takarda ne kawai a shafa gam." Na ce to madalla. Na ba shi takarda, na ba shi gam, na ce ya yi mini wadda za ta ɗauki mudun gero. Ya yi ta, ta kuwa yi kyau a ido. Muka zuba gero, ya ɗaga. Kajin gidan nan har yanzu suna sa masa albarka.

Tunda kun share tsakar gidan, ku zauna ku ji.

A Fagge aka haife ni. Mahaifina daga Borno ya zo da fatauci, Kano ta riƙe shi, shi ya sa sunana Bukar. Ina saurayi ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Lasisi, wani Bayarabe Musulmi mai rumfa a bakin Sabon Gari, ta ɓangaren da ke kallon Fagge. A lokacin siminti a buhun takarda yake zuwa. Baba yana sayen buhunan da aka juye, ya fitar da takardar, ya yi jakunkuna da abin ƙunshi ya kai wa 'yan kasuwa. Hausarsa ta fi ta wasu Kanawan, sai dai ba ya kashe ta a banza. Akwai ranar da tun daga safe har la'asar abin da ya ce da ni shi ne, "Sake."

Aikin farko da ya ba ni bugu ne. A rataye buhu a igiya a bayan rumfa, a bi shi da sanda har ƙura ta daina tashi. Wata da watanni ban taɓa wuƙa ba. Ina komawa gida fari fat har gashin ido, mahaifiyata ta tsayar da ni a zaure ta miƙo bokiti. Ranar da na yi ƙorafi cewa ni ninki na zo koya, ba dukan buhu ba, Baba ya ce, "Ka iya bugun?" Na ce na iya. Ya ɗauki wanda na gama, ya ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, ƙura ta tashi. Ya miƙo mini sandar ya koma ciki.

Buhun siminti falle-falle ne, ba takarda ɗaya ba. Na waje ya sha rana da laka da tafin ƙafar lebura, ga rubutun kamfani a jiki, wannan na masu ƙusa ne da masu gawayi. Na can ciki shi ya kwana da siminti, ba ya zuwa kusa da abin da za a ci ko da ka goge shi ya yi sheƙi. Na tsakiya su ne dukiyar, su ake kai wa masu tsire da ƙosai da sukari. Yadda ake tabbatarwa kuwa da harshe ne. Ka lashi gefen fallen, in ka ji ya kama maka harshe to siminti ya ratso, ka jefa shi cikin na ƙusa. Takardar da na lasa a rayuwata, in aka shimfiɗa ta daga nan za ta kai Bata, can bakin kasuwar Sabon Gari. Shi ya sa har gobe ba na gane gishirin miya, kakarku ta huta.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba a sayensu a kanti. Wuƙa daga tsohon zarto ake fitar da ita, a wasa, a naɗe ƙotar da tsumma. Sai ƙashin haƙarƙarin bijimi, wanda aka goge ya yi santsi, da shi ake danne ninki ya kwanta. Na Baba ya yi ja saboda tsufa, kuma in ka ɗauka ba da izini ba, ranar ka ji sauran Hausar da yake ɓoyewa. Akwai katakai da ake naɗa takarda a kansu, na mudu, na rabin mudu, na gwangwani. Gam ɗin da kuke saye a roba ba mu san shi ba. Sitacin rogo muke damawa kowace safiya, domin in ya kwana sai ya yi tsami, kyankyasai su zo gaisuwa. In ya yi ruwa jakar ta buɗe, in ya yi kauri ya bushe ya tsage. Ita kuma takarda tana da hanya kamar itace, in ka yanka ta a karkace, ko gishiri ba za ta riƙe ba. Jaka kuwa gindinta ne jaka. Wannan mai dogon wuyan, bakin jakar ya gyara, ya manta da inda nauyi yake sauka.

Ina tuna wani gini da aka yi a Kwaciri, bene hawa uku na wani Alhaji mai atamfa. Lokacin kuɗin mai ya shigo, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk wanda ya samu fili sai ya ɗora bene, wanda bai samu ba ya ɗora a kan na ubansa. Siminti yana sauka tirela-tirela. Matsalarmu ɗaya ce, lebura. Shi lebura ba ruwansa da takarda, shebur yake kafta wa buhu a ciki, ya ɓarke shi gida biyu, ya wuce. Buhun da aka yi wa haka ya mutu. Baba ya aike ni da goro wurin shugaban leburorin, na koya musu jan zaren da ke bakin buhu, ya zuge cikin sauƙi. Kwana biyu suka bi. A na uku goro ya ƙare, shebur ya dawo. Daga nan na gane goron kullum ne, kuma sai da ginin ya kai rufi ina zarya. Daga wannan gida kaɗai muka cika rumfa da takarda har sama.

Shekarun nan an ci. Mu almajiran sana'a a rumfar mun kai biyar, masu saye kuwa daga Kantin Kwari har cikin kasuwar Sabon Gari. 'Yan Kwari manyan falle suke so na naɗe turmin atamfa. Masu garin kwaki da sukari jakar mudu. Iya Sikira, mai ƙosai a bakin titin Fagge, tana son wadda aka murɗa kamar mazurari, ta cika ta da hannu ɗaya tana juya kasko da ɗayan. Ɗanjuma mai tsire shimfiɗaɗɗiya yake so, ba gam ko kaɗan. Oga Sande mai ƙusa kuwa sai mai gindi biyu, kuma kullum sai ya jefa ƙusa a ciki ya girgiza a kunnensa, ban san me yake saurare ba.

To su Baba suna da al'ada in yaro ya gama koyo. Su suna ce mata firidon, mu mu ce yaye. A sa rana, a tara mutane, liman ya yi addu'a, a raba goro, maigida ya yi wa yaron bulala ta ƙarshe, sannan ya danƙa masa kayan aiki. Baba yana da ƙari a kan wannan, wanda ya ce haka nasa maigidan ya yi masa. Bayan addu'a sai ya sa babbar riga, ya sa yaron a bayansa, su zaga wurin wasu daga cikin masu sayensa, ya ce da kowanne, "Daga yau wannan ne mai kawo maka." Yaron ba ya magana a wannan zagaye, ko tari. Kuma wanda Baba ya bayar ya bayar ke nan, ba zai sake sayar masa da ko falle ɗaya ba har abada. Na ga an yi wa mutum biyu a gabana. Lokacin masu saye sun yi yawa, in ya ba da huɗu ko a jikinsa.

Leda ta farko da na gani a hannun wani ɗan Kwari ce, ya zo da ita daga Legas, har wanke ta yake ya shanya. Ya kawo wa Baba ya gani, don tsokana. Baba ya juya ta, ya leƙa gindinta yana neman ninki, bai samu ba. Ya ce a kawo ruwa. Ya cika ta, ya ɗaga sama, muka tsaya muna jira. Aka daɗe. Ya ce, "Ba ta yoyo." Ya zubar da ruwan a kwata, ya mayar wa mai ita.

Ba a daɗe ba aka fara yin ta a nan Kano, ta yi arha har mai sayar da albasa yana ba da ita kyauta. Sai kuma duba-gari suka shigo cikin maganar. Wani ya zo rumfarmu da kakinsa da hularsa, ya ce an hana ƙunshe abinci a takardar siminti, ƙazanta ce, a koma leda, ita ce tsafta. Baba ya zaro fallen tsakiya ya miƙa masa ya ce, "Ranka ya daɗe, lasa ka ji." Mutumin ya ce shi ba a ɗauke shi aiki don ya lashi takarda ba. Kuma gaskiyarsa, domin akwai masu yin sana'ar da ba sa ware falle, na ciki ma sayarwa suke, mutum ya ci ƙosai yana jin garas-garas a haƙori. Shi duba-gari ba zai bi rumfa-rumfa da harshe ba. Don haka in kun ji an ce doka za ta kori leda, ni dai a gabana doka ta yi mata iso. Ina zaune ina kallo.

'Yan Kwari suka fara tafiya, domin atamfa a leda ta fi sheƙi. Masu sukari da garin kwaki suka bi. Ba wanda ya yi faɗa da mu. Ka kai kaya a ce maka, "Na jiya bai ƙare ba," ka koma gobe a sake faɗa maka haka, alhali kana ganin ƙunshin leda a rataye a ƙusa. 'Yan uwana almajirai suka zame ɗaya bayan ɗaya, wani ya zama yaron mota, wani ya koma gini. Sitacin da muke damawa a tukunya ya koma kwano.

Mutum uku suka rage, kuma ba don kunya suka tsaya ba. Iya Sikira ta gwada leda, ƙosanta ya yi gumi ya yi laushi, masu saye suka yi mata tsiya, ta dawo, tana ɓoye takardar a ƙarƙashin zani in ta hango hular duba-gari. Ɗanjuma ya ce takarda tana shan mai, leda kuwa narkewa take a kan nama. Oga Sande ƙusarsa huda ledar take, ta zube wa mutane a ƙafa. Waɗannan ukun, in ka haɗa su, suna ciyar da gida ɗaya. Ba sa ciyar da biyu. Baba yana da iyali, 'ya'yansa na makaranta. Ni kuma na yi aure, kakarku tana da cikin fari. Kuma a wannan shekarar ce aka sa ranar yaye ni, tun kafin abin ya lalace.

Na same shi yana wasa wuƙa, na durƙusa. Na ce, "Baba, da an ɗaga ranar nan zuwa baɗi."

Ya ce, "Ba ka iya ba ne?"

"Na iya, Baba."

"To?"

"Kasuwar ce na gani."

"Ni ma ina da ido. An gaya wa liman?"

"An gaya masa."

"An sayi goro?"

"An saya."

Ya ce, "To goro ba ya kai baɗi." Ya ci gaba da washi.

Na koma ina lissafi a raina. Na ce ƙila ya ba ni mutum ɗaya, Oga Sande, in haɗa da dako in rufa wa kaina asiri. Ko kuma ya zaga da ni wurin waɗanda suka riga suka koma leda, a cika al'ada, kowa ya san abin da ake ciki, ba wanda zai zarge shi. Ni kaina ba zan zarge shi ba.

Ranar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a gaban rumfa, dangina daga Fagge, nasa daga Sabon Gari, liman ya yi addu'a da Larabci ya maimaita da Yarabanci. Bulalar da ake yi don al'ada, ta wasa ce, amma Baba ya zuba mini ita da gaske, har mahaifina ya gyara zama. Sannan aka kawo tire da kayan aiki. Na zaci sababbi ya sa aka yi mini, kamar yadda ya yi wa na gabana. Da na duba sai na ga wuƙarsa ce, da katakansa, da jan ƙashin nan. Na ɗago zan yi magana, ya riga ya juya yana sa babbar riga.

Muka fita, shi a gaba ni a baya. Muka fara da Oga Sande. Baba ya ce, "Daga yau Bukar ne mai kawo maka." Oga Sande ya miƙo mini hannu. Na ce a raina alhamdu lillahi, shi ke nan, sai gida. Baba bai juya gida ba, ya miƙe wurin Ɗanjuma. Ya faɗi abin da ya faɗa. Ɗanjuma ya kalle shi, ya kalle ni, ya ce, "To Baba, Allah ya sa albarka." Daga nan na ga mun kama hanyar Fagge, wurin Iya Sikira. Na ɗan ja masa riga ta baya. Bai waiga ba, ya dai sa hannu ya kaɓe nawa kamar ƙuda.

Iya Sikira tana ganinmu ta gane. Ta ajiye matsami, ta fara yi masa magana da Yarabanci da ƙarfi, tana nuna shi tana nuna gidansa ta can Sabon Gari. Ina jin Yarabanci daidai gwargwado, kuma abin da ta faɗa ba na maimaitawa ba ne a gaban yara. Ya bari ta gama. Sannan ya ce da Hausa, don kowa ya ji, "Daga yau Bukar ne mai kawo miki." Ta ce, "Lasisi, kai kuma ka ci me?" Ya ce, "Ƙosanki yana ƙonewa."

Kai Sadiku, da cinikin mutanen nan uku aka yi sunan ubanka. Da shi aka sayi ragon.

Na kafa rumfata a ƙofar gidanmu a Fagge. Bayan 'yan makonni na ɗauki goro na je gaida Baba, na tarar da rumfarsa a rufe, wani mai gyaran rediyo yana auna ƙofar. Ya ce in duba Bata, wajen masu tebur.

A can na same shi, a tsakanin mai sayar da soso da mai sayar da batir, a kan benci, da babbar rigarsa. A gabansa tebur ne cike da leda, baƙa da fara, ɗauri-ɗauri. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar a nan muka saba haɗuwa. Ya tambayi kakarku da jiki, ya tambaya ko sitacin yana kama mini. Ina nan durƙushe wata mata ta zo ta sayi ɗauri ɗaya. Sai na ga Baba ya zaro fallen takarda daga ƙarƙashin dutse, ya ɗora ledar a kai, ya naɗe ta tsaf, yana danne ninkin da farcen babban yatsa tunda ƙashin yana wurina. Ya miƙa mata da hannu biyu. Matar ta karɓa, ta warware takardar a nan gabansa, ta yar, ta tafi da ledarta. Mai batir ya juya baya yana dariya.

Baba ya sunkuya ya ɗauki takardar, ya kaɗe ta, ya shafe ta a kan gwiwa, ya mayar ƙarƙashin dutsen.

Na ce, "Baba, ai yar da ita suke."

Ya ce, "Ina gani."

"To me ya sa kake naɗewa?"

"Tun ina yaro ban taɓa miƙa wa mutum kaya tsirara ba. Hannun bai iya ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan yi fushi da shi. Na ce, "Baba, don Allah ka karɓi Oga Sande. Ko shi kaɗai. Ni biyun sun ishe ni. Ba wanda zai sani."

Ya ce, "Shi zai sani. Ni ma zan sani."

"To in riƙa kawo maka takarda, ko ta naɗin nan ce."

Ya ɗaga dutsen ya duba abin da ke ƙasa. Ya ce, "Kada ka wahalar da kanka. Ba ta zuwa ko'ina, guda ɗaya tana kai ni la'asar." Ya kalli rana, ya ce, "Tashi. Iya ta kusa ɗora kasko, kuma ba ta iya jira ba."

Na tashi. Sai da na tsallaka titi na tuna goron yana aljihuna. Na waiga zan koma, na hango wani ya tsaya a teburin, Baba ya zaro takardar nan yana naɗa masa.